Yadda zaka haɗa janareta da tarakta idan NEPA sun ɗauke wuta

Duk wanda yake da tarakta a gona ya san yawancin shekara a ajiye take, ana gama huɗa da haro, a ɗan yi jigilar amfani da kaka, shikenan sai a kai ta ƙarƙashin rumfa ta zauna tana shan ƙura har wata daminar. Alhali injin ne lafiyayye na gas mai ƙarfin doki 60 ko 75, a gefe kuma ga bohol ba ruwa saboda ba wuta, ga injin ƙyanƙyasa cike da ƙwai, ga firiza, ga injin niƙan abincin kaji duk sun tsaya. Wanda ya ga abinda ya faru a watan Oktoban 2024 lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ya samu matsala yawancin arewa ta kwana fiye da sati a duhu, ya san me nake nufi. Toh wannan taraktar zata iya baka wuta, kuma ba sabon abu bane, masu kiwon shanun madara a Amurka da Kanada sun daɗe suna yin haka saboda su in wuta ta ɗauke injin tatsa da na sanyaya madara ne suke tsayawa, asara ce nan take.

Abinda ake amfani dashi shine ɗan ƙarfen nan mai tsaga-tsaga dake fitowa ta bayan tarakta, wanda direbobi ke cewa PTO, inda ake jona injin yankan ciyawa ko na sussuka. Shi zaka jona da farfela, wato doguwar sandar ƙarfen dake ɗaukar juyin, zuwa kan janareta wanda bashi da injin kansa, tarakta ta juya shi, shi kuma ya baka wuta. A faɗe abu ne mai sauƙi, amma akwai lissafi guda ɗaya da in ka kuskure shi kayan wutarka ne zasu biya, wato gudun juyawa.

Wutar da muke amfani da ita a Najeriya da Nijar 50Hz ce, wato tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, 230 bolt a layi ɗaya, 400 a layi uku. Kan janareta mai fol huɗu, wato kawunan maganaɗisu huɗu a cikinsa, sai ya juya sau 1500 a minti kafin ya bada 50Hz, mai fol biyu kuwa sau 3000. PTO na yawancin taraktocin da muke dasu, irin su Massey Ferguson 375 da Mahindra da tsofaffin Fiat da Steyr, sau 540 yake juyawa a minti, tsagarsa shida. Manyan taraktoci suna da na 1000 mai tsaga 21. Kaga kenan tsakanin 540 da 1500 akwai tazara, shi yasa janaretan da aka ƙera don tarakta yake zuwa da ƙaramin giyabos a gabansa wanda ke ninka gudun. In zaka saya abu na farko da zaka karanta a jikin farantin shine 50Hz ne ko 60Hz, dan Allah kar ka tsallake wannan, domin akwai na hannu da ake shigowa dasu daga Amurka masu kyau a ido kuma da araha amma 60Hz ne da 120/240 bolt, an yi su ne don wutar can, in ka rage gudu don ka samu 50Hz, bolt ɗin ma sai ya sauka, in ka barshi a 60 duk motocin wutarka, wato motocin lantarki dake juya samo da injin niƙa da makamantansu, zasu riƙa gudu fiye da ƙima. Na Turai ko na Turkiyya ko Indiya ko Chana su ne suka dace da tsarinmu.

Sai maganar girma. Ƙa'idar da aka saba bi itace doki biyu na PTO ga kowane kilowat ɗaya na wuta. A lissafin takarda doki ɗaya kilowat 0.746 ne, amma giyabos yana cin nasa, kan janaretan yana cin nasa, sannan kana buƙatar rarar ƙarfi don lokacin da babban mota zai tashi kar injin ya durƙushe. Kuma ka lura ƙarfin da aka rubuta a jikin tarakta na injin ne, wanda ke isa PTO bai kai haka ba, balle tsohuwar tarakta da ta sha huɗa shekara da shekaru. Mai doki 75 ka ɗauka zata riƙe maka kilowat 30 hankali kwance, wato janareta mai kVA 35 zuwa 40. Mai doki 50 kar ka wuce kilowat 20. In janaretan ya fi ƙarfin taraktar ba wani abu bane, kawai bazaka samu duk abinda aka rubuta ba. In kuwa taraktar ce ta fi ƙarfin janaretan sosai toh nan ne ake ƙona koyil, domin ita tarakta bata san ya gaji ba, juya shi kawai take, dole ya zama akwai bireka daidai da ƙarfinsa.

Kafin ma ka je kasuwa ka zauna da biro ka rubuta abubuwan da dole sai sun samu wuta, ba duk abinda ke gonar ba. Ƙwan fitila da fanka da hita lissafinsu a fili yake, abinda aka rubuta shi suke ci. Masu mota ne matsalar, samo na bohol, kwamfireso na ɗakin sanyi, injin niƙa, injin casar shinkafa, waɗannan a daƙiƙun farko na tashi suna jan wuta ninki uku har zuwa shida na abinda suke ci in sun daidaita. Samo mai doki 5.5 kusan kilowat 4 yake ci yana aiki, amma ka ware masa aƙalla 12 na lokacin tashi. Shi yasa zakaga mutum yana rantsuwa lodinsa bai kai rabin janareta ba amma da ya kunna injin niƙa sai komai ya dushe. In motan babba ne kasa mai gyaran wuta ya haɗa masa sita-delta, yana rage fizgar farko sosai.

Wani abu da mutane ke mantawa, janareta mai layi uku ƙarfinsa a rabe yake gida uku. Mai kVA 30 kowane layi 10 ne, kusan amfiya 43. Bazaka ɗora duk gidan gona akan layi ɗaya kace ai talatin ne ba, wannan layin zai yi zafi sauran biyun suna zaune, bolt ya karkace. A raba lodin daidai gwargwado.

Nasan da yawa bazasu sayi na kamfani ba, zasu samo kan janareta ne irin wanda ake ɗaurawa Lista ko wanda aka cire daga tsohon janaretan da injinsa ya buga, su kai wa mai walda ya haɗa. Yana yiwuwa kuma yana aiki in an yi da hankali. Lissafin fuli shine 1500 raba 540, ya baka kusan 2.8, wato in fulin dake kan janaretan inci 5 ne toh na ɓangaren tarakta inci 14. Amma kar a rataya babban fulin akan PTO kai tsaye, a yi masa nasa shaf ɗin akan boris biyu masu gida, a ɗaure akan firem ɗaya da janaretan, farfela ce kawai zata taho daga tarakta. Bel ɗaya ko biyu bazasu ɗauki kilowat 20 ba, santsi zasu riƙa yi suna ƙauri, sai an jera da yawa kuma iri ɗaya saye ɗaya. A duba ɓangaren da fankar janaretan take son juyawa, PTO in ka tsaya a bayan tarakta kana kallonsa yana bin hannun agogo ne. Sannan a rufe fulin da bel ɗin da raga ko faranti. Ni a ganina in lodin ya haura kilowat 15 gara a nemi giyabos a huta da wahalar bel, kuɗin da kake ganin ka rage zaka mayar dasu wajen canjin bel da boris.

Kuma a tambaya ko yana da AVR, na'urar dake daidaita bolt. In samo da fitilu kawai zaka kunna ko babu zaka lallaɓa, amma in akwai injin ƙyanƙyasa mai kwamfuta ko inbata ko talabijin, kar ka yarda da wanda bashi da ita.

Yanzu wajen girkawa. Janaretan dole a ɗaure shi, ko a kan hannayen haidirolik uku na bayan tarakta, ko a kan ƙaramar tirela mai faɗi da aka ɗaura a jikin taraktar, ko kuma a zuba kankare a dasa shi da bolti. Kar ka ajiye shi a ƙasa haka nan kace ai yana da nauyi, lokacin da lodi ya shigo ƙarfin murɗawar zai iya kifar dashi, farfela ta zare tana dukan duk abinda ta samu. Ni na fi son kankare, ka yi masa ɗan rumfa kusa da inda cenjoba take, wato makunnin dake sauya wuta tsakanin NEPA da janareta, ka zana alama a ƙasa inda tayoyin baya zasu tsaya, ko da tsakar dare direba ya dawo da baya ya taka alamar shikenan sun yi saiti. Farfelar ta zama a miƙe gwargwadon iko, in ta karkace da yawa zakaji ana kakkarwa, kuros ɗin ya ci kansa, wutar ma ta riƙa rawa. Bututun biyu da suke shiga juna su shige aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu, kar kuma su tokare. A sa giris. In akwai boltin da aka yi don ya karye idan abu ya cije, kar makanike ya musanya maka shi da mai tauri don wai kar ya ƙara karyewa, karyewar itace aikinsa.

Bari in tsaya akan farfelar nan domin ita ce ke kashe mutane, ba wutar ba ma. Sau 540 a minti yana nufin sau tara a daƙiƙa ɗaya, kafin ka ce wayyo ta naɗe hannun riga har kafaɗa. Mu kuma ga irin shigarmu, babbar riga, jamfa mai faɗin hannu, rawani da jela, mata da hijabi da mayafi suna zuwa ɗiban ruwa tunda an tada bohol, yara kuma da sun ji ƙarar tarakta sai su kewaye ta. Yawancin farfelolin da ke gonakinmu robar da ke rufe su ta daɗe da fashewa an jefar. A nemo wata a sa, da sarƙarta da ake maƙalewa don kar robar ta riƙa juyawa. Ba'a tsallaka farfela tana juyi ko da an rufe ta, a zagaya. A kafa itace ko a ja igiya a kewaye wajen. Wanda zai yi aikin ya cire babbar riga ya rataye can nesa.

Ɓangaren waya kuwa ka kira mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa, ba yaron da ke ɗaura fanka ba. Dole sai da cenjoba, wadda ke raba gidanka da layin NEPA gaba ɗaya kafin ta karɓi na janareta, kuma gara mai ƙafa huɗu da ke yanke har da nutural. Wasu sai su cire fis kawai ko su soka waya a soket su ce ai mun kashe babban makunni. Ranar da aka manta, wutarka zata bi layi ta koma taransifoma, ita kuma taransifoma ta baya take aiki sai ta ɗaga ta zuwa bolt dubu 11, ma'aikacin da ya hau fol yana gyara da tabbacin layi a mace yake shi zata samu. In kuma aka dawo da wuta tana jone, janaretanka ne zai lalace. A buga sandar at, wato ƙarfen dake zubar da wutar da ta zube zuwa ƙasa, a ƙasa mai danshi a ɗaure jikin janaretan da ita, da rani in ƙasar ta bushe a riƙa zuba mata ruwa. Kebul ya zama mai kauri daidai da amfiyan, jan ƙarfe na gaske, in ka taɓa shi ana aiki kaji yana da zafi toh ya yi ƙanƙanta.

Toh an ɗauke wuta, ya zakayi. Kafin ka tada ka duba baƙin mai, ruwan lagireto, gas, da man giyabos na janaretan. Tarakta a firi, birkin hannu a ja, a sa weji gaba da bayan taya. A tsofaffin Massey libar PTO tana da waje uku, na injin, na firi, da na gudun taya, na injin zaka sa. Birekan janareta a kashe, duk manyan kaya a kashe. Ka tada ta ka barta ta ɗan yi zafi, sannan da ƙaramin totur ka taka kuloci har ƙasa ka shigar da PTO ka saki a hankali, kar ka fizge, kan janareta yana da nauyi. Daga nan ka riƙa ƙara totur na hannu kaɗan kaɗan kana kallon agogon Hz dake jikin janaretan.

Wannan agogon shine shugabanka, ba agogon tarakta ba. A Massey 375 alamar 540 tana wajen 1800 na injin, amma wayar agogon a taraktoci da yawa ta tsinke ko tana ƙarya, kuma wasu janaretocin na Turai suna kai 50Hz tun PTO bai kai 540 ba. In naka bashi da agogon Hz ka sayi ƙaramar mita mai nunawa, kuɗinta bai kai na samo ɗaya ba. Ba lodi ka tsayar da ita a 51 ko 52, saboda da lodi ya hau zata ɗan sauko. Ka duba bolt yana wajen 230 ko 400, sannan ka juya cenjoba, ka ɗaga bireka, ka fara da mota mafi girma, ka jira ya daidaita, sai na biye dashi, fitilu da ƙananan kaya su zo ƙarshe. Bayan kowane lodi ka sake kallon agogo ka gyara totur ya zauna tsakanin 49 da 51. In ka ga ya sauka 46, 45 kuma ƙarin totur baya ɗaga shi, salansa na fidda baƙin hayaƙi, injin na nishi, lodi ya yi mata yawa, rage wani abu. Ranar farko da za'a gwada mota mai layi uku a duba ɓangaren da yake juyawa, in baya yake yi a musanya waya biyu a wajen janaretan, a gyara sau ɗaya a sa alama.

Kar wani ya ce bari in rage totur don mai ya yi auki. Wannan dabarar ta direban tarakta ce a gona, a nan bata aiki, rage gudu rage Hz ne da bolt, motoci su yi zafi, AVR ta ƙone. Haka in babban lodi ya fita lokaci ɗaya, misali an kashe injin niƙa, gudun zai ɗan haura, a leƙa a gani.

Kuma kar a tafi a barta. Janaretan kamfani mai injin kansa in mai ya yi ƙasa ko ya yi zafi kashe kansa yake, tsohuwar tarakta kuwa zata cigaba da aiki har sai ta yi nokin. A gona tana tafiya direba na kai yana ganin agogo, a nan a tsaye take waje ɗaya awa da awanni, ga zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suna toshe ragar lagireto. Duk bayan rabin awa zuwa awa wani ya zo ya duba agogon zafi da fitilar mai, ya saurari ƙarar, ya taɓa gefen giyabos ɗin daga inda babu abin juyi. Fambel ya zama lafiyayye. A fili za'a ajiye ta ko rumfar da iska ke ratsawa, ba cikin sito ko kusa da tagar ɗakin kwana ko ɗakin kaji ba, hayaƙin inji yana kisa shiru. A nisanta salansa daga tarin kara da harawa. In za'a ƙara gas a sauke lodi a kashe tukuna.

Wajen kashewa ana bi ta baya ne, a kashe kaya ɗaya bayan ɗaya, a sauke bireka, a mayar da cenjoba, a bar janaretan ya juya mintuna kaɗan ba lodi don fankarsa ta huce dashi, sannan a rage totur, a cire PTO, a jira farfela ta tsaya cak da kanta. Kar a taɓa rage totur ko kashe injin alhali kaya na jone.

Batun mai kuwa gaskiya tarakta ba mai tausayi bace. Ka ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku na lita ga kowane kilowat a awa in lodi ya yi daidai, wato lodin kilowat 20 zai sha wajen lita 6 zuwa 7 a awa. Inda ake cutuwa shine ƙaramin lodi, tunda dole injin ya zauna a babban gudu ko fitila biyar ka kunna, kamar ka ɗauko tirela ne don kai buhu ɗaya kasuwa. Kuma injin gas in ya daɗe yana aiki ba lodi sai ya fara zubar da baƙin ruwa ta salansa. Don haka dabarar itace a tara aiki, a tada ta awa uku ko huɗu a cika tankunan ruwa, a niƙa abincin kwana biyu, firiza ta ɗaure, batiran inbata su cika, a kashe. Fitilun dare da cajin waya a barwa sola ko ƙaramin janareta. Awannin da ta yi a tsaye kuma suna shiga lissafin juyen mai kamar na huɗa, a riƙa rubutawa, a bi abinda littafin taraktar ya ce.

Sannan ka tuna da damina taraktar tana gona, watakila ma an bada ita haya tana wani ƙauye, kuma lokacin ne iska ke kada fol-fol. Wanda sana'arsa bata jure awa biyu ba wuta, kamar mai ƙyanƙyasa, kar ya dogara da ita kaɗai. Haka batir, taraktoci da yawa a wajenmu da turi ake tada su ko a ajiye su a gangara, toh wadda aka jona da janareta ba'a tura ta, kuma in ka tada ta da turi ka kawo, sai ka haɗa farfela injin na aiki, abinda bai kamata a yi ba ko kusa. A gyara sitata a sa batir mai kyau. Ko ba'a ɗauke wuta ba, sau ɗaya a wata a haɗa a kunna da lodi na rabin awa, shi kan janareta in ya daɗe a ajiye yana iya ƙin kawo wuta, ɓeraye kuma suna son yin gida a cikin koyil, a toshe kafofin da raga a rufe shi da tamfol in ya huce.